Baba Sha'aibu, Kyanwarsa da Fakarun Gonarsa

Ranar Laraba da hantsi ina cikin aji a lakol ɗinmu ta Agiye, ƙanena Habu ya kira ni a waya. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sallami ɗalibai na hau mota zuwa Cadawa, na tarar ana shirin kai shi makwancinsa.

Mahaifinmu Malam Sha'aibu manomi ne marar yawan magana. Ya yi shekaru yana barin tohon gawo da kalgo idan yana sassabe, har gonarsa ta bayan gida ta yi inuwa, fakara da kurciya suka dawo suna ƙwai a cikinta. A gida kuma yana da kyanwa, 'Yar Toka, mai tsare mana rumbu daga ɓeraye.

Wata damina kyanwar ta shigo da ɗan fakara a baki, washegari ta kawo wani. Baba ya ɗora shi a tafin hannunsa yana dubansa. Ƙanensa, Baba Idi, ya ce, "Yaya, a sa ta a buhu a kai ta daji mana."

Baba ya ce, "In kai ta daji, inda tsuntsayen da nake so ta ƙyale suke? Halittarta ce. Ni ne ban ƙosar da ita ba."

A makon ya gyara tsohon ɗakin ajiya, ya sa raga a taga, ya jingina mata kututture don karta. Lokacin ƙyanƙyasa, da sassafe da kuma gab da magariba tana ciki, sauran yini tana yawo a tsakar gida da 'yar ƙararrawa a wuya. Yana karɓo mata nono wurin Fulani, ranar kasuwa kuma kan kifi. Bayan la'asar sai ka ga dattijo da furfurarsa a kan tabarma yana ja mata gashin zabo ɗaure da zare har ta gaji. Da mahaifiyarmu ta ce tana tsoron alhakin kulle dabba, ya ce, "Alhakin yana ga yunwa da ƙishirwa. Duba kwanonta."

Wani lokaci takan kama ƙadangare, bai taɓa dukanta ba. Amma ba mu sake ganin ɗan fakara a bakinta ba.

A jinyarsa ta ƙarshe hadarin farko ya taso. Ya kira Habu ya ce, "Fakaru sun kusa fara ƙwai. Ka riƙa rufe 'Yar Toka, amma ka ba ta abinci tukuna." Habu yana yi har yau.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa marasa baki. Allah Ya ba Inna da mu 'ya'yansa haƙuri, Ya sa mu cika da imani. Amin.