Rigar Tauraruwa a Panyu

Litinin

Biyar da rabi na asuba na bar Zariya, na nufi filin jirgin Kano. Wasanmu na dandamali, mai waƙa da rawa, shi za a mayar fim. Shekara tara ina fitowa tauraruwarsa, saboda haka da darakta ya ce ni zan je Guangzhou ta ƙasar Sin sayo kayan sawa, sai na ɗauka karramawa ce. Ya ba ni takardar awo a ambulan, ban ko buɗe ba.

Talata

Mun canja jirgi a Addis Ababa, sannan muka yi awa goma a sama. Ƙawata Hajiya Ladi, mai harkar kaya a can, ta tarbe ni da taliyar Musulmin Sin, ruwa tsundum. Na ci don kunya.

Laraba

Kasuwar Canaan. Na kwaso yadi mai ƙyalli, irin wanda 'yan kallo na kujerar ƙarshe ke hangowa. Ladi ta fizge.

"Ke Hajiya, fim ne fa! Kyamara har zare take gani."

Alhamis

Awa guda a jirgin ƙasa zuwa Panyu, wajen tela. Laoban, wato maigidan, ya buɗe ambulan, ya duba awon rigar tauraruwa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Meyo," ya ce, wato babu. Ya nuna ƙuguna, ya girgiza kai.

Na kira darakta nan take.

"Malam, awon wa ka ba ni?"

"Anti, ki yi haƙuri. Wata yarinya muka samo. Ke za ki fito uwarta, amma muryarki za a ɗora mata."

Na zauna a kan dilar yadi na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba. Da na gama, na miƙe na ware hannuwa, na ce wa Laoban ya auna ni, ya ɗinka rigar tauraruwar daidai jikina. Ladi ta yi dariya har ta riƙe bango.

Asabar ta sama

Ƙarfe biyu muka sauka Kano, na wuce wajen gwaji da akwatina. Yarinyar ta saka rigar ta ɓace a ciki. Na jira darakta ya saduda. Sai kawai ya aika a kira tela ya rage.

Ita kuwa ta zo ta durƙusa.

"Mama, tun ina firamare nake haddace waƙoƙinki. Ki koya mini inda kike jan numfashi."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Ladi. Darakta bai samu godiya ba. Yarinyar dai na ce ta zo gida ran Litinin, kuma kada ta makara.