Ranar da Na Cire Kambas a Gaban Surukina

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, har in manta inda nake ajiye almakashi, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na tsugunna a gaban surukina ana tsakiyar tseren gudu, na kuma kasa tashi.

Ni tela ne a Bagudo. Tun ina saurayi nake zaune a kan keken ɗinki, ba abin da ke motsi a jikina sai tafin ƙafa da baki. Da shekaru suka ja, tumbi ya fito har sai na leƙa ta samansa kafin in ga allura. Wata rana jiri ya kwashe ni a shago, aka kai ni asibiti. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau sosai, ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri da man shanu in kuma riƙa motsa jiki, in ba haka ba in fara sallama da iyali. Da dariya ya faɗa, amma ni ban ga abin dariya ba. Washegari bayan asuba na fara sassarfa a bayan gari.

To, a wajenmu babba ba ya gudu haka kawai. In ka ga magidanci ya zuba da gudu, ko gobara ce, ko shanu sun shiga gona, ko wani ne biye da shi. Ni kuma ga sana'ata. Duk wanda ya hange ni sai ya tsaya ya duba bayana, ya ga wane mai yadi ne na saɓa wa alkawari. Wani mai shayi har ya taɓa buɗe mini ƙofar rumfarsa, wai in shige in ɓuya kafin su iso.

Ba a daɗe ba labari ya kai Lafagu, garin surukaina. Mahaifin matata dattijo ne mai ƙarancin magana, irin waɗanda tarinsu kaɗai ke sa tsakar gida ta yi tsit. Bai kira ni ba, don tsakanina da shi akwai kunya. 'Yarsa ya aika wa saƙo, ita kuma ta kawo mini shi da zafinsa: wai shi bai ba da ɗiyarsa ga mutumin da zai riƙa nuna wa duniya gwiwoyinsa ba. Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na zauna na ɗinka wando na musamman wanda ya ɗan wuce gwiwa, na ci gaba da guduna.

Ana haka sai wasu matasa 'yan motsa jiki daga birni suka zo da wani tsere na kwanaki, a tashi daga Bagudo, a ratsa ƙauyukanmu, a ƙare a kusa da iyakar Benin. Tseren hamada suke kiransa, ko da yake mu a iya saninmu daji ne da yashi da gonaki. Kowa zai goya abincinsa a jaka. Ruwa su ke bayarwa a wuraren da suka kafa, a wajen mutanen gari kuwa ba ka karɓar ci, ba ka karɓar sha, ba ka hawa abin hawa. Sannan akwai wata a-kori-kura da ke biye da mutane a hankali. Duk wanda ta wuce shi ya fita, a ɗora shi a baya a mayar da shi gida. Na san motar, na san direbanta, mutumin Kende ne. Awaki take ɗauka ranar kasuwa, kuma in za ta shigo gari ta gaban shagona take bi.

Na rubuta sunana. Matata ta dube ni ta dubi kambas ɗin da na sayo a gwanjo, ta ce, "Malam, in dai motar awaki tad dawo da kai, ni ban san da wane ido zan kalli Baba ba." Tun daga nan abin ya tashi daga neman lafiya. Ni dai kada a shigo da ni gari a bayan motar nan, surukina ya ji ya ce dama ya faɗa.

Ranar da aka tashi na gano wata matsala da baƙin ba su da ita. Su ba wanda ya san su, sai su wuce mutum fuu kamar ba su gan shi ba. Ni kuwa rabin ƙasar nan na auna kafaɗarsu. A Kende na tsaya gaisuwa har na manta da lambar tsere a ƙirjina. Ina gida, ina iyali, ya ƙarfin jikin tsohuwa, yaushe za a karɓi rigar. A Geza wata gwaggota ta tare hanya da kwanon fura, na rantse mata doka ce ta hana ni, ta ce ba ta taɓa jin dokar da ke hana ɗa shan furar gwaggonsa ba. Har yau in na je sai ta tambaye ni ko dokar ta ƙare. Kullum ni ne na ƙarshen isa masauki, ina jin ƙugin motar nan a bayana. In ci ƙuli-ƙuli da dabino, in jiƙa garin kwaki, in duba ƙafafuna da suka yi bororo suka kumbura. Wani daga cikin baƙin ya ja mini kunne, ya ce duk rintsi kada in kwance kambas sai an isa masauki, don ƙafa in ta sha iska ba ta komawa.

Ranar ƙarshe hanya ta bi ta bayan Lafagu. Tun safe nake addu'ar Allah ya sa tsohon yana cikin gida. La'asar ta yi, rana ta fara sanyi, saura ɗan abin da ba a rasa ba a kai inda aka kafa tutar ƙarshe. Na shigo wata siririyar hanya tsakanin shingayen gonaki, ina jan ƙafa, sai na hango mutum zaune a kan buzu a gindin tsamiya, da sanda a gefensa. Ko daga nesa na san wannan rawanin.

Na yi tunanin in sunkuyar da kai in wuce, kamar yadda baƙin suka yi. Tunanin bai kai ko'ina ba. Tun ranar da aka ba ni auren 'yarsa ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, ban kuma taɓa gaishe shi da takalmi a ƙafa ba. Hannuna da kansa ya tafi ga igiyar kambas. Na kwance, na zare, na ajiye su gefe, na tsugunna.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau, Malam. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

Ƙaryar da ta fi wannan girma ban taɓa yi ba, har a shago. Shi kuwa ya ɗauki gaisuwa tun daga tushe. Ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi kasuwa, ya komo ya sake tambayar gajiya. Wandona bai kalla ba ko sau ɗaya, wanda hakan ya fi kallon ciwo. Ina amsawa ina jin ƙugin mota yana matsowa.

Da gaisuwa ta ƙare na yunƙura zan tashi, cinyoyina suka ce ba su san zancen ba. Sun ƙage ƙam. Na sake yunƙurawa, na tafi baya na zauna daɓas a cikin yashi, jaka a goye, ƙafafu a sama, a gaban mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Sai tsohon ya juya fuskarsa ga gonar da ke gefe, ya ƙura wa karan dawa ido kamar yau ya fara ganin kara. Na rarrafa zuwa gindin tsamiyar, na kama ta na miƙe. Na jawo kambas, ƙafa ta ƙi shiga. Na tura, na danna, na roƙe ta, ko yatsu ba su gama shigewa ba.

Motar ta ɓullo daga kwana. Gaskiya a nan hawaye suka cika mini ido. Duk wahalar kwanakin nan, ga tuta kusa, kuma a gaban wannan mutumin za a ɗora ni inda ake ɗora awaki.

Tsohon ya naɗe buzunsa a tsanake, ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki sanda. Ya ce, "Wuce gaba, Malam."

Na ce, "Baba, ni in wuce gabanka?"

"Na ce ka wuce."

Na ɗaure igiyoyin kambas na rataya su a wuya, na shiga hanya da safa. Shi kuma ya shigo bayana, ya tsaya a tsakiyar hanyar cif, ya fara takawa irin ta dattawa, sanda na gaba yana biye. Shinge a dama, shinge a hagu, ba inda mota za ta raɓa. Na ji ta rage gudu har ta koma rarrafe.

A gaban motar akwai ɗaya daga cikin masu shirya tseren, na ji yana ce wa direba ya danna hon. Direban ya ce, "Wanga tsoho sa'an babana na, ba ni yi mai hon. In kana iyawa, sauka ka hwaɗa mishi." Saurayin ya sauko da ladabinsa, ya ce Baba a ɗan ba mota hanya, tsere ake yi kuma an hana taimakon 'yan tsere. Tsohon bai ko tsaya ba. Ya ce, "Ruwa nib ba shi ko hura? Goya shi niy yi? Hanyag gonata ta, tun ba a haihe ka ba nike bin ta." Yaron ya juya ya koma mota.

Haka muka tafi. Ni a gaba ina ɗingishi, ƙarangiya ta cika mini safa, kowane taku kamar na taka kwalin allurai. Surukina a baya, mota a bayansa. Sau da yawa na so in zauna, amma wa zai zauna surukinsa na tafe a ƙasa saboda shi? Duk lokacin da na rage sauri sai in ji tarin nan nasa, ƙafafuna su tuna da aikinsu. Da muka fito fili aka hango tuta, sai na ji baƙin da suka riga ni suna tafi, mutanen ƙauye kuma suna tambayar juna me ya sa telan Bagudo ya sa wa wuyansa takalmi. Ni ne na ƙarshe. Amma da ƙafata na taka layin, motar kuma a bayana ta tsaya.

Na juyo zan tsugunna in yi godiya, ya ɗaga sanda da sauri ya ce in tsaya yadda nake, ba tsamiya a nan. Sannan ya matso, ya rage murya, yana kallon wani wuri daban. Ya ce, "Ɗiyata ta hwaɗa min abin da likita yac ce. Da ban sani ba. Ba ni son in ga ta yi takaba ina raye. Ka ci gaba da gudunka." Sai a lokacin ya dubi ƙafafuna. "Amma ka ƙara ma wandon ga tsawo. Kai ad da keke."

Ashe tun hantsi yake zaune a gindin tsamiyar nan, matata ce ta gaya mini daga baya. Ba gona ya je ba, gonarsa ma ba ta wannan ɓangaren take ba.

Yau shekaru ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Har yanzu ina fita bayan asuba, da wando har idon sawu, jinina kuma ya sauka. Abin da ranar ta koya mini shi ne, mutumin da ya fi kowa yi maka faɗa a kan abu, sau da yawa tsoron rasa ka ne bai san yadda zai faɗa ba. Na daɗe ina zaton surukina kunyata yake jira ya gani, alhali shi ya zo ne ya tsaya tsakanina da ita.