Bin Sawun Sharar Unguwarmu Zuwa Garagumsa

Asabar: tashi daga Damagaram

Na fita daga gida ƙarfe biyar da minti ashirin, da idar da sallar asuba. A jakata akwai riga ɗaya, buta, goro biyar na gaisuwa, da takardar tsarin shara a cikin leda. Uwargidana Rakiya ta biyo ni har zaure.

"Malam, har da takardar za a tafi?"

"Da ita nake aiki," na ce.

Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta ƙara komai ba.

Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba, zan faɗe shi a jere. Na farko, bara wata ƙungiya da ke aiki tare da meriya, wato ma'aikatar magajin gari, ta kawo wa unguwarmu ganguna iri biyu, koraye da shuɗaye, domin gidaje da masu shago su riƙa raba shara. Na biyu, kun zaɓe ni shugaban kwamitin tsabta, saboda na yi shekaru ina planto a biro, wato masinjan ofis, kuma na san darajar takarda. Na uku, kamiyon da ya saba kwashe jujinmu ya kai wa manoman Garagumsa taki ya daina zuwa tun wata huɗu. Na huɗu, jujin ya girma har ya toshe bakin kanibo, wato magudanar ruwan da ke bayan masallaci, ga damina ta kusa. Wanda ruwa ya shiga ɗakinsa bara waccan ya san abin da nake nufi. Na aika saƙo sau biyu, ba amsa. Sai na ce bari in je da ƙafata in ji laifinmu.

Kabu-kabu ya kai ni tasha a kan dala hamsin. Motar Takieta ba ta cika ba sai shida da rabi. Na biya jaka guda, aka ba ni gefen taga, abin da nake so ke nan.

Hanyar Takieta

Ƙarfe bakwai saura kwata muka tsaya a shingen jandarma na bakin gari. Aka duba katin kowa, aka ɗaga ƙarfe. Daga nan na fara lura da abin da ban taɓa ba hankali ba: duk wata ƙaya da ke gefen gudro, wato kwalta, tana sanye da baƙar leda. Kusa da gari sun yi yawa har ba a ganin ganye. Bayan Tirmini suka ragu. Na tambayi direba ko iska ce ke kai su can.

"Iska da ku, Baba," ya ce. "Wanda ke kusa da taga shi ne sarkin jefawa."

Na nuna masa ledar ƙosaina da na ninke na sa a aljihu. Ya dube ni ta madubi ya ce bai taɓa ɗaukar irina ba.

Mun isa Takieta ƙarfe takwas da minti biyar. Kilomita hamsin ne ko kusa da haka.

Takieta

A nan hanya ta rabu, ɗaya ta yi Maradi, ɗaya ta gangara kudu. Na sha shayi da rabin burodi, dala arba'in. Kusa da mai shayin akwai rumfar wani maƙeri da ke narka gwangwanin lemo yana zuba shi a cikin ƙasa mai laima, tukunya ta fito. Na tsaya kallo minti ashirin cur. Na tambaye shi gwangwani nawa ke yin tukunya ɗaya, ya ce shi ba ya ƙirgawa, hannunsa ne ke aunawa. Na tambaye shi ko yana karɓar kowane iri.

"Kowane iri, in dai ba a cuɗa shi da ƙasa ba. Mai datti yana ɓata mini wuta."

Na rubuta wannan a bayan takardata, ban san zai dawo mini ba.

Ƙarfe tara na sami Mamman Sani, direban kamiyon, a bayan kasuwa yana ƙarƙashin motarsa. Shi ne ke kai itace da gyaɗa Damagaram, ya komo da sharar unguwarmu maimakon ya komo fayau. Da ya gan ni ya fito yana goge hannu.

"Baba Shugaba! Da kanku?"

"Da kaina. Me muka yi maka?"

"Ni ba ku yi mini komai ba. Ni jaki ne, abin da aka ɗora mini nake kaiwa. Malam Habu ne ya ce in na sake kawo masa kayanku, a gonar ubana zan juye."

Malam Habu shi ne babban manomin da ke karɓar takin ya raba wa 'yan uwansa. Mamman Sani ya ce motarsa ba za ta tashi ranar ba, amma ya haɗa ni da mai amalanken shanu da zai koma ƙauyen.

Zuwa ƙauyen Malam Habu

Mun bar Takieta goma da rabi. Mai amalanken bai karɓi kuɗi ba, ya karɓi goro ɗaya. Hanyar rairayi ce, shanun kuma ba sa sauri. Ko'ina an share gonaki, an jera tulin taki ƙanana-ƙanana ana jiran ruwa. Na lura wasu tulin baƙaƙe ne, wasu toka-toka. Mai amalanken ya ce baƙin na garke ne, mai tokar na birni ne, kuma mai ƙaramin garke ba shi da abin dogaro sai na birni. Ban san haka ba. Shekara da shekaru ina ganin muna roƙo a kwashe mana ƙazanta ne, ashe akwai masu jiran ta.

Mun isa sha biyu da minti goma. Malam Habu dattijo ne sa'ana, dogo, mai ƙaramin gemu. Ya karɓe ni da fura mai sanyi, bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da muka yi azahar. Sannan ya ɗauki manjagara ya ce in biyo shi.

Gona

Ya fara kai ni gefen gabas. Ya tona ƙasa da hannu ya miƙo mini. Baƙa ce, tana da laushi.

"Wannan sharar unguwarku ce ta shekarun baya. Geron da ke fitowa a nan yakan fi ni tsawo."

Sannan muka taka zuwa yamma, inda aka juye lodin ƙarshe. Ya ja manjagara sau ɗaya. Haƙoranta suka fito cike da leda: ta ruwa, ta mai, ta magi, har da guntun takalmin roba.

"Ka gani? Ruwa ba ya ratsa wannan. Saiwa ba ta ratsa shi. Tunkiyar ƙanwata ta yi kiwo a nan, ta kumbura ta mutu. Da aka farke ta, leda ce dunƙule kamar ƙwarya. Dā ma akan sami leda jefi-jefi, mu tsince. Amma wannan kamar da gangan aka dama. Me ya faru da ku, Malam Ilu? Matanku sun daina shara ne?"

Na ce akasin haka, yanzu ne ma muka sami tsari. Na fito da takardar. Ya ce shi ajami ya sani, in karanta masa. Na gyara tsayuwa na karanta.

"Koriyar ganga, abin da ke ruɓewa: ragowar abinci, ɓawon kayan lambu, ganye. Shuɗiyar ganga: leda, roba, da sauransu."

"Ci gaba."

"Shi ke nan."

"Toka fa?"

"Ba ta cikin jerin koriya."

"Kashin awaki? Sharar tsakar gida?"

"Ba sa ciki. Saboda haka suna cikin 'da sauransu'. Ni na tsaya a kan haka. Duk matar da ta kawo toka koriyar ganga, mayar da ita nake yi."

Malam Habu ya jingina da manjagara ya dube ni. Sai ya fara dariya, har ya zauna a kan kunyar gona.

"Malam Ilu, don Allah, a Damagaram akwai gidan da ake zubar da tuwo?"

Na dubi takardar, shi kuwa ya ci gaba.

"Ragowar tuwo a ɗumama da safe. Ɓawo na akuya ne. Ganye na akuya ne. To me ke shiga koriyar gangar taka?"

Gaskiya ita ce ba abin da ke shiga. Wata takwas ina buɗe korayen gangunan nan ina samun su kusan wayam, ina cewa mutanen unguwa ba sa jin magana. Shuɗayen kuwa kullum a cike, toka da kashin awaki da leda a haɗe. Masu sayen leda, waɗanda ke narka ta su yi dutsen daɓe, sun zo sau biyu suka ce ta yi datti, ba su komo ba. Ni kuma na sa aka riƙa juye shuɗayen a kan juji. A nan maganar maƙerin Takieta ta faɗo mini.

Na tambaye shi yadda abin yake kafin ganguna, don ni ban taɓa zuwa juji ba sai da na zama shugaba. Ya ce ai matan unguwarmu sun daɗe da tsarinsu. Toka da sharar tsakar gida suna zubawa a gefen bango, tarkace a gefen hanya. Masu lodi kuma gefen bango suke ɗiba. Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya yi taro a kai.

"Su suka raba, kai ka zo ka haɗa," ya ce. "Da takarda."

Ban ji daɗin maganar ba, amma na duba ta ta kowane gefe ban sami inda ta karkace ba.

Na gaya masa zancen kanibo da damina. Ya daina dariya. Ya ce shi ma yana bukatar takin, gefen yamma bai sami taki na kirki ba bana. Muka tsaya a kan sharaɗi: zai turo Mamman Sani ranar Alhamis ta sama, lodi ɗaya. Zai zo da kansa da manjagararsa. In ya ja sau uku ya cika hannu da leda, motar ta koma wayam, kuma kada in sake aiko masa da saƙo.

Da yamma aka kawo tuwon gero da miyar kuka. Na ba da goro huɗun da suka rage, biyu nasa, biyu na ƙanwarsa tare da ba ta haƙuri kan tunkiya. A zaurensa na kwana.

Lahadi: komawa

Na tashi shida daidai a bayan babur ɗin wani maƙwabcinsa, dala ɗari zuwa Takieta. Mota ta cika bakwai da rabi. Shinge ɗaya, ba jinkiri. Tara saura minti goma ina tashar Damagaram.

Ban wuce gida ba. Na tsaya wurin ganguna, na ɗauki bik, na ƙara layi uku a ƙarƙashin koriya a takardar da ke manne a bango: toka mai sanyi, kashin dabbobi, sharar tsakar gida. Na soke "da sauransu". Ina cikin rubutu sai ga Rakiya da kwanon toka a ka. Ta tsaya ta karanta a hankali.

"Malam, yau wace ganga doka ta ce?"

"Koriya."

"Ikon Allah. Watan azumi na faɗa maka haka a tsakar gida, kyauta. Sai da ka biya kuɗin mota."

Ta juye tokarta ta wuce.

Abin da ya biyo baya

Kwana goma muka yi muna tsince jujin da hannu, safe da yamma. Ni na fara shiga, tunda ni na dama shi. Ledar da muka fitar muka kakkaɓe, muka cusa a buhuna, masu dutsen daɓe suka zo suka ɗauka. Ranar Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya kamiyo ya tsaya bayan masallaci, Malam Habu ya sauko da manjagara. Ya ja na farko, ba komai. Na biyu, ledar magi ɗaya. Na uku, ba komai. Ya ɗauki ledar ya sa mini a aljihun riga, ya ce wa Mamman Sani a yi lodi. Lodi uku aka yi kafin sati ya zagayo, bakin kanibo ya buɗe.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da ni lafiya. Na gode wa Malam Habu da iyalinsa, da Mamman Sani, da mai amalanken da ban tambayi sunansa ba. Matan unguwa kuma, waɗanda na mayar da su gida da kwanon toka a ka, ina neman afuwarku ɗaya bayan ɗaya. Na fara da ta gidana, ta ce za ta duba.