Uwaisu Mai Dogon Bayani

Uwaisu mutumin Ringim ne. Ya shigo Kano a 1976 da takardar sakandare, ya sami aikin ɗura maganin tari a wani kamfani a Bompai. Shekara biyu yana karanta sunayen sinadarai a jikin kwalabe bai san aikin ko ɗaya ba, abin yana cinsa. Da ya sami gurbi a jami'a sai ya zaɓi ilimin haɗa magunguna.

Wata rana malaminsu ya zana siffar wani sinadari a allo, ya goge reshe ɗaya ya sa wani, ya ce, "Ɗazu guba ce, yanzu magani ne." Uwaisu ya tuna mahaifiyarsa. Duk sanda ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro sai ta yi kwana uku tana susa, har ta gwammace ciwon. Ya ƙudurta aikinsa na shekarar ƙarshe shi ne ya sauya reshe ɗaya a maganin nan, ko ƙaiƙayin zai ragu.

Sinadarin da zai fara da shi sai an yo odarsa daga waje, ga shi lokacin an tsaurara shigo da kaya. Wata bakwai yana jira. Ya hau mota ya zo wurin Dorkas, shugabar ɗakin gwaji a tsohon kamfaninsa. Ta birkice kabad ta ciro kwalbar, ta ɗaga ta a haske. Garin ya yi baƙi, ya dunƙule.

"Wannan ya mutu tuntuni," in ji ta.

Don haka zanen sinadarin kawai ya miƙa wa malamansa a takarda. Ya ci jarrabawa, amma bai yi murna ba.

Kamfanin ya sake ɗaukarsa, aikinsa auna nauyin ƙwayoyi. Ya je gun manaja, Alhaji Gwadabe. "Ranku ya daɗe, ɗaki ɗaya nake roƙo da wata shida."

"Uwaisu, mu gari ake kawo mana mu danna shi ya zama ƙwaya. Garin ma yanzu ya ƙi zuwa."

Sau huɗu yana komawa kafin a rufe kamfanin a 1987.

Ya buɗe kemis a Hotoro. Mutum zai zo ya ce a ba shi kafso biyu, Uwaisu ya ce sai dai na kwana biyar cif, ya jawo takarda ya fara zana masa dalili. Yawanci kafin ya gama sun wuce shagon gaba. Sunan da unguwa ta sa masa ke nan, Dogon Bayani. Yakan amsa, ba ya dariya.