Sukurun Takalminta

Ni na kai ta ajin da ƙafata, abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Tare muke aiki a wani otal a unguwar Al Rigga, a nan ƙasar Larabawa, ni a teburin karɓar baƙi, ita tana gyaran ɗakuna. 'Yar Kafanchan ce, a coci muka saba, Yaya take ce mini. Wata ranar hutu na ce ta raka ni inda nake koyon rawar takalmin ƙarfe, a saman wani shagon kago, na masu aika kaya ƙasashen waje, a unguwar Deira. Rawa ce da ƙafa ke yin kiɗan: ƙarfe a dunduniya, ƙarfe a bakin yatsu, an ɗaure da sukuru, kana bugawa a kan katako.

Shekara uku ina dukan katakon nan kafin ta zo. Malamarmu dattijuwa ce 'yar Filifin, ta yi rawa a otal-otal har gwiwa ta zaunar da ita. Ba ta kallon ɗalibi. Sai ta juya maka baya, ta fuskanci bango, ta ce "Yalla," wato a fara, ta kasa kunne. Ni kuwa duk iyawata a ido take, ga kafaɗa, ga murmushi, ga yauƙi. Wa zai gani? Bango?

Ƙawar tawa ko, tsaye take ƙiƙam kamar tana layin shiga jirgin metro, amma ƙafarta ba ta ƙarya. Cikin wata takwas Malama ta fara gyaɗa wa bango kai. Wallahi na ji haushi. Har na daina ajiye mata wurin zama a bas.

Sai Malama ta ce za ta koma gida, za ta bar wa ɗayanmu ajin. Asabar da rana za ta saurare mu ta zaɓa. Ajin nan shi ne ƙofar fitata daga teburin otal, kuma na san kunnen tsohuwar ba ni yake so ba.

Ranar, ƙawar tawa ta shiga wanke fuska ta bar jakarta a benci. Na zaro sukundireban da nake ɗaure nawa takalmin da shi. Kullum tamau nake ɗaurewa, a tunanina haka ake yi. Na ce bari in sassauta nata, ƙarfen ya riƙa kwaramniya kamar murfin tukunya. Amma tsoro ya kama ni kada ya fita ta karye, sai na murɗa kowane sukuru kaɗan kawai. Ko muguntar ma ban iya ta cikakkiya ba.

Na yi tawa rawar, Malama ta ce "Khalas," wato ya isa. Ita ta hau. Daga bugu na farko na ji bambanci. Sautin ya buɗe, yana amsawa rau, irin wanda ban taɓa ji a ɗakin nan ba. Malama ta juyo. Sama da shekara uku ban taɓa ganin ta juyo wa kowa ba.

"Wa ya koya miki sassauta sukuru?" ta tambaye ta. "Ƙwararru ke yin haka, don ƙarfe ya samu numfashi."

Ƙawar tawa ta tuɓe takalmin, ta juya shi, ta taɓa ƙarfen da yatsa. Ta dubi jakarta, ta dubi sukundireban da ke leƙowa daga aljihuna. Ta daɗe tana dubana.

"Yayata ce ta gyara mini," ta ce.

Malama ta rungume ni, ta ce ina da zuciya mai kyau. Sannan ta miƙa mata makullin ajin.

Yanzu ita ce malama, ɗalibanta har da 'ya'yan 'yan kasuwar Al Sabkha. Ita ma ta koyi juya baya. Ni ina nan a teburina, ranar hutu ina layin baya a ajinta, ina kishinta kamar ranar farko. Duk sanda sababbi suka zo da takalmansu, sai ta ɗaga murya: "Ku kai wa Yaya, ita ta iya." Ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Ina karɓa in murɗa, kaɗan kawai.