Ƙafafun Tukur Tela

Duk wanda ya taka bakin kasuwar Dutsin-Ma a shekarun saba'in ya san Tukur Tela, in bai san fuskarsa ba ya san ƙarar kekensa. Mutumin Kurfi ne, kuma kafin ya kama ɗinki ya ɗan taɓa kokawa, har ana tsokanarsa cewa sharaɓarsa ta fi cinyar wani kauri. In ya ɗora ƙafa kan feda tun hantsi, kiran azahar kaɗai ke sauke ta.

A bangon shagonsa akwai wata ƙusa can sama inda yake rataye rigar da ya gama, don kada ƙasa ta taɓa ta. Sai ya yi ɗage yake kai wa gare ta. Wata rana cikin daminar 1976 ya ɗauki riga, ya nufi ƙusa, dunduniya ta ƙi barin ƙasa. Ba ciwo, ba tsami. Ya sake gwadawa, ƙafar ta yi masa kunnen uwar shegu. Ya ce gajiya ce, ya ninke rigar ya ajiye kan benci.

Gajiyar nan ba ta tafi ba. Kafin kaka biyu sharaɓar da ake tsokana ta motse, tafiya ta koma jan ƙafa. Aka yi ƙaho, aka sha rubutu, aka shafa man da aka ce daga Maraɗi ya zo. Daga ƙarshe mahaifiyarsa, Inna Rabi, ta zo daga Kurfi, ta dubi ƙafar, ta dubi keken, ta yanke hukunci.

"Ƙarhen nan ya shanye ka. Duba mana, daidai wurin da ke taka shi, nan ya bushe."

Wa zai musa? Maganar ta zauna daram, duk layin teloli suka ɗauka, wasu har suka riƙa ɗaura laya a idon sawu.

Mutum ɗaya ne bai gyaɗa kai ba, Malam Kefas, wani mai ba da magani ɗan kudancin Kaduna da ke kawo ɗinkin fararen kayan aikinsa. Shi ya raka Tukur wurin likita, aka bubbuga gwiwa, aka ce ciwon tsoka ne kuma ba shi da magani. A hanyar dawowa Kefas ya tambaye shi ko iyayensa 'yan'uwa ne.

"Ɗan wa da 'yar ƙane. To mi ya kawo wannan?"

"Ban sani ba tukuna, Malam Tukur. Na dai tambaya."

Tukur bai sake tuna tambayar ba. Abin da ke ransa ɗaya ne, ƙanensa Ilu, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya taso da son keken nan kamar me. Yana da hannu kuwa, aljihu in ya kafa sai ka rantse haka aka saƙa yadin. Ranar da Tukur ya same shi zaune kan keke yana taka feda, ya ɗauke shi da mari, abin da bai taɓa yi ba. Washegari aka tura Ilu ƙauyen Kuki, gonar kawunsu. Inna Rabi ta ce noma ke ƙarfafa ƙafa, a bar shi ya sha huɗa da kaftu. Ilu ya tafi yana kuka, Tukur kuwa ya ji sanyi a ransa, ya ce ko banza ya tsirar da ɗaya.

Shi kuma ya sa aka kwance kan keken daga ƙafarsa, aka sa masa mariƙi, ya koma juyawa da hannu zaune kan tabarma. Manyan riguna suka koma wa wasu. Aka bar masa faci: gwiwar wando, hammatar riga, buhun da ɓera ya ci. Bai yi fushi ba. Ya daina fushi gaba ɗaya, ya daina murna ma. A ba shi tuwo ya ci, a gaishe shi ya amsa, a yi rasuwa ya ce Allah ya jiƙan rai, duk da murya ɗaya.

Abin da zan faɗa yanzu ba wanda ya san shi a lokacin, har likitan. Sai bayan shekaru masu bincike suka gano shi. Kowane zaren tsoka a jikin mutum yana cikin wata siririyar fata, kuma aiki kan yayyaga ta kullum. Akwai wani furotin, sun sa masa suna disfalin, da ke jawo ƙananan jakunkuna daga cikin zaren tsokar, ya haɗe fatarsu da wurin da ya yage har su zama abu ɗaya. Mai faci ke nan. Umarnin ƙera shi yana cikin ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, in duka biyun suka zo da tangarɗa, yagewa ta yi ta taruwa ba mai ɗinkewa. An fi samun haka in iyaye 'yan'uwa ne, abin da Kefas ya tambaya ke nan. Keke bai ci komai ba. Abin haushi, an ɗauke yaro daga feda an kai shi inda tsoka ta fi shan wahala.

Duk kaka Ilu kan zo Dutsin-Ma da damin gero a ka. Tukur kuwa ya ɓullo da wata al'ada da bai gaya wa kowa dalilinta ba. In sun gama gaisawa sai ya miƙa masa riga ya ce ya rataye a ƙusar nan. Ilu ya yi ɗage ya rataye, Tukur ya kalli dunduniyar tana tashi, shi ke nan ya sami abin da zai riƙe har baɗi.

Kakar 1985 Ilu ya zo, amma damin a kan jaki yake. Suka gaisa, aka tambayi Inna, aka tambayi kawu. Tukur ya miƙa riga.

Ilu ya karɓa, ya tsaya gaban bango. Ya dubi ƙusa. Sai ya waiwaya, ya jawo tsohon bencin nan da hannu, ya dafa bango zai hau.

"Bari," in ji Tukur. "Tun yaushe?"

"Tun shuka, Yaya. Ban gaya ma Inna ba."

"Ka taɓa keke a can?"

"Wallahi ko a ido ban gan shi ba."

Tukur ya laluba cikinsa ko zai sami hawaye, ko tsoro, ko da haushin marin nan ne, bai sami komai ba. Wani ya leƙo da wando a hannu, ya ga yanayinsu, ya ce zai dawo.

Tukur ya dafa ƙasa, ya ja jikinsa gefe, ya bar rabin tabarma.

"Zamna nan. Kama mariƙin."

"Inna ta ce kada in..."

"Na san mi ta ce. Hannu ya fi ƙahwa daɗewa, ni na gani. Gara ka koya tun yana jin maganarka."

Ilu ya ajiye rigar kan benci, ya zauna. Tukur ya zura masa zare a allura, ya tura masa wani buhu mai huji.