Kitson Jikata

Ranar, a tsakar gidan da ɗiyata ta yi zaman aure, akwai ni da ƙanwata, da surukina mijin ɗiyata marigayiya, da wansa, sai jikata tana wasa gindin rumbu. Shekarun bayan babban fari ne, a wani ƙauye gabas da Buza.

Yarinyar na zo ɗauka. A wurinmu, mace in ta rasu ta bar ƙaramar ɗiya, kaka ta wajen uwa ke riƙo. Shi kuwa ya hana tun da anka share makoki. Shi ke goya ta zuwa gona, maza na yi mishi dariya. Na ƙyale shi, don ba mace gidan. Sai na ji cewa in ya kai albasa kasuwar Madawa, jakinshi ya koyi tsayawa garin Karofane, ƙofar wata bazawara, har yarinyar yake kai mata. Ban barin jinina hannun matar uba.

Ni da suruki ba mu magana baki da baki. Ga shi gabana, kai sunkuye, amma wansa na kalla.

Na ce, "Gaya mishi ya yi aurenshi, Allah ya sa albarka. Ɗiya dai da ni za ta kwana gobe."

Wan ya ce, "Inna, ya ce in ya zaɓa ne, ya bar auren."

Ƙanwata ta yi tsaki. "Ya bari? Jakin fa, wa zai gaya mishi?"

Ba wanda ya yi dariya. Na ga hawaye ya ɗiga bisa gwiwar surukina, na kau da ido.

Na kira yarinyar in shirya ta. Da na zame mata kallabi sai na ga sabon kitso, ba hannun garin nan ba. Na sa yatsa ƙarƙashi: bai ɗaure ba, an shafe shi da man shanu. Na duba bayan kunnen hagu, inda take da tabon ƙuna tun tana rarrafe, wurin da ba ya son ja. An kewaye shi, an bar gashin sako-sako. Uwarta kaɗai na sani tana yin haka.

"Ke, wa ya yi miki wannan?"

"Innar Karofane. Ta ce in ta ja da zafi in tsunkule ta."

"Kin tsunkule ta?"

"Ban samu ba, Kaka."

Innar nan da ta kira ta soke ni, amma na mayar mata da kallabinta.

Da safe na kwance matsefin ɗiyata, wanda ke ƙulle bakin zanena tun ranar da anka rufe ta. Na ba yarinyar, na ce ta kai wa mai kitsonta. Na taso ƙanwata, munka kama hanyar gida mu kaɗai.